Muryar kaka da Dakarci: a rufe ta da fassara ko a bar ta a ji ta?

Baba Mai Rediyo:
Assalamu alaikum jama'a. Na zo da wata magana da ta tsaya mini a rai tun ranar Asabar. Waɗanda suka san ni sun san na yi aikin rediyo har na yi ritaya, kuma tun bayan babbar salla nake tara wasu yara a wani shago nan Birnin Kebbi, Asabar da Lahadi bayan la'asar, ina koya musu haɗa labari da murya, abin nan da ake kira fodkas. Ba mu da situdiyo. Wayoyinsu ne, sai kwamfutata guda ɗaya.

Na ba su aiki: kowa ya je gida ya naɗo muryar wani dattijo, kada ta wuce minti 10, a kan wani abu da dattijon ya yi da hannunsa. Biyu daga cikin ayyukan ne suka kawo ni nan.

Wani yaro ɗan Argungu ya naɗo yayan mahaifinsa, masunci, yana bayanin yadda ake saƙa homa. Da ya kawo aikin sai na ji babu muryar tsohon ko kaɗan. Yaron ya rubuce abin da ya faɗa, ya karanta da bakinsa da Hausar rediyo. Na tambaye shi dalili, ya sunkuyar da kai ya ce Kabancin tsohon ya yi nauyi, kada a yi musu dariya.

Ta biyu yarinya ce 'yar Zuru. Ta naɗo kakarta da Dakarci tana ba da labarin shekarun da marigayi mijinta ya yi yana golmo a gonar mahaifinta kafin a ba shi ita. Ban ji kalma ɗaya ba, amma akwai wurin da tsohuwar ta yi dariya, ta yi shiru, ta ja numfashi, shagon nan kowa ya nutsu. Sauran ɗalibai suka ce a yi yadda aka saba: a bar muryarta daƙiƙa uku, a rage ta, a ɗora fassarar Hausa a kai. Yarinyar ta ce ba ta yarda ba. Ni kuwa abin da na yi ta yi ke nan duk tsawon aikina. Ku ba ni shawara, me zan koya musu?

Bakabe:
Baba, ranka shi daɗe, maganar yaron ga ta Argungu ita ta fi yi min ciwo. Mi ad da Kabanci da za a ji kunyatai? Bukin su na Argungu tun 1934 aka yin shi, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, UNESCO ta sa shi cikin abubuwan gadon duniya a 2016. Baƙi sunka zo daga ko'ina sunka ɗauki hoton gora da homa a Matan Fada, amma wa yat tsaya ya ji masuncin da bakinai? In an hidda muryar tsohon ga, an hidda labarin. Ka ce ma yaron shi maido ta.

Injiniyan Gusau:
Na tsohon Argungu ba shi da wuya, ai Hausa ce, kowa zai gane. A mayar da muryarsa. Amma na Zuru ina tare da sauran ɗaliban, Baba. Mai sauraro a waya ba shi da haƙurin mai sauraron rediyo. Da yatsa ɗaya yake wucewa. Idan ya ji minti ɗaya na yaren da bai sani ba ya tafi, kuma ba ya dawowa. Gara a ji labarin kakar da fassara a kai da a ce ba wanda ya ji shi sam.

Ɗiyar Zuru:
Assalamu alaikum. Baba ne ya sa aka shigo da ni, ni ce yarinyar. Yaya Injiniya, na ji maganarka, amma bari in faɗi abin da ya sa na ƙi. Mu sunan harshenmu C'lela, mu kuma Lelna, Dakarci da Dakarkari sunan da Hausawa suka san mu da shi ne, ba na jin haushinsa. Na gwada abin da suka ce a wayata kafin in ƙi. Da na rage muryarta na ɗora tawa, sai ta koma kamar tsohuwa tana gunaguni a bayan ɗaki, ni kuma na zama mai labarin. Ni ban ga ranar da ya fara zuwa gonar da fartanya a kafaɗa ba. Ita ta gani. Wurin da ta yi dariyar nan, tana faɗin yadda take ɓoye masa abinci ne ta ba ƙanenta ya kai masa gona ba da sanin uwarta ba. Dariyar ta faɗa ƙarƙashin muryata, ba a jin ta.

Sannan wa na yi wa shirin? Ƙannena da aka haifa a Birnin Kebbi da Kaduna suna jin yaren sama-sama, ba sa iya mayarwa. Su ma masu sauraro ne.

Malamar Hausa:
Ɗiyata, Allah Ya yi miki albarka, kin faɗi abin da ya kamata. Baba, ina ganin muna da tsarin da ya fi wancan, kuma a gabanmu yake. Idan baƙon malami ya zo yana wa'azi da Larabci, tafinta ba ya hawa kan maganarsa. Yana jira ya kai gaɓa, ya yi shiru, sannan ya mayar da Hausa. Haka a kotu, haka a fada. Kunnen mutanenmu ya saba da wannan jiran. Ɗora murya a kan murya dabara ce ta ɗakin labarai, inda ake da minti biyu a faɗi abu a wuce. Fodkas ba shi da agogon da ke korarsa.

Game da yaron Argungu kuwa, laifin har da mu malamai. Daidaitacciyar Hausa don rubutu aka tsara ta. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966 don daidaita haruffa, kuma karin Kano aka fi jingina da shi. Aiki ne mai kyau, da shi muke karanta juna daga Zinder har Kumasi. Amma ba a taɓa cewa wanda ya ce "munka tahi" ya yi kuskure da bakinsa ba. Mu ne muke jan jar biro a takarda, har yaro ya ɗauka harshen gidansu ne ba daidai ba.

Ɗan Jarida:
Ku yi haƙuri, zan saɓa wa kowa. Wannan maganar "a ji kowace murya" daga tarurrukan ƙungiyoyin waje ta shigo mana, kuma idan kuɗinsu ya ƙare ita ma takan ƙare. Jihar Kebbi masarautu huɗu ce, Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, kuma abin da ya sa ɗan Ribah yake ciniki da ɗan Kamba ba tare da tafinta ba shi ne Hausa. Yau ku ce shirin Dakarci, gobe na Kambari, jibi na Zabarmawa da Fulani da Dukawa, kowa ya shige ɗakinsa ya rufe. A halin da ake ciki na zargin juna, wa wannan zai amfana? Yaran nan aiki suke nema. Ku koya musu Hausar da za a ɗauke su aiki da ita.

Ɗan Kamba:
Malam Ɗan Jarida, da girmamawa, ni Bazabarme ne, sana'ata tura waƙoƙi da wa'azi a memori a bakin kasuwa. Ba ƙungiyar waje ce ta gaya mini ba, kwastomomina ne. Tsofaffi suna zuwa su ce in sa musu abin Zabarmanci, abin da nake da shi kusan duk daga Nijar ya tsallako, ta Gaya. Na wannan ɓangaren namu babu. Kuma mutumin da ya sayi na Zabarmanci shi ne dai yake cewa in ƙara masa tafsirin Hausa. Bai shige ɗaki ya rufe ba.

Ɗan Jarida:
To wa zai biya yarinyar nan? Wannan ita ce tambayar da kuke gudu.

Ɗan Yauri:
Bari in ba ka amsa ta wata hanya, Malam. Ni Bagunge ne. Kakannina a tsibiran Kwara suke zaune har aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya hau, aka kwashe su zuwa sababbin matsugunai. Kakana ya rayu har na yi wayo. Yakan zauna da yamma yana lissafa sunayen wurare, inda ake kafa taru, inda ake noman albasa idan ruwa ya janye, inda aka binne ubansa. Duk suna ƙarƙashin ruwa yanzu. Da harshenmu na Reshe yake faɗa, ni kuma Hausa na tashi da ita, ina tsintar kaɗan-kaɗan. Ya rasu ba wanda ya naɗi muryarsa. A lokacin akwai rakoda da kaset a gidanmu, waƙa muke sa mata.

Ana rigata a Yauri, ana tseren jirage, ana ɗaukar bidiyo, abin sha'awa. Amma sunayen nan sun tafi da shi. Ba wanda ya raba ni da Hausa, da ita nake rubuta maka wannan. Abin da na rasa shi ne ɗayan. Idan yarinyar nan ba ta sami ko kwabo ba, ta riga ta sami abin da ni ba zan iya saya ba.

Bakabe:
Allah shi jiƙan kaka, shi gafarta mai. Wagga magana ta isa.

Ɗan Jarida:
Amin. Ban raina wannan ba, ɗan'uwa, kuma na ji ta har raina. Amma adana tarihi daban, shirin da jama'a za su bi duk mako daban. Ina nan a kan bakana game da na biyun.

Injiniyan Gusau:
To ai ba sai an zaɓi ɗaya ba. Rediyo ce ke da zango ɗaya da lokaci ɗaya. A nan ana iya fitar da biyu daga naɗi guda: ɗaya C'lela zalla daga farko har ƙarshe, ɗaya kuma da tsarin tafinta da Malama ta faɗa. Na sauka daga maganata ta farko, da sharaɗi: a na tafintan kada a bar kaka ta yi minti biyu a jere. A yanka a gaɓoɓinta, daƙiƙa 20 zuwa 30, jika ta fassara, a koma. Kuma a buɗe da Hausa, a gaya wa mai sauraro wa zai ji da abin da ya sa zai tsaya.

Maganar nauyi kuma, tunda data ita ce matsalar mutanenmu: idan an gama tacewa a Audacity, manhajar tace murya wadda kyauta ce, a fitar da shi MP3 mai layi ɗaya, wato mono, a 64 kbps. Minti ɗaya wajen rabin megabait ne, minti 10 bai wuce megabait 5 ba. Zai wuce ta WhatsApp ko da sabis ɗin ƙauye. Amma a adana na asalin, wanda ba a matse ba, a wuri biyu. Ɗora shi a Spotify kyauta ne kuma yana da kyau don 'yan birni da na ƙasashen waje, sai dai kada a ɗauka nan ne kasuwar.

Ɗan Kamba:
Kasuwar tana teburina, Injiniya. Ku kawo, in zuba wa duk wanda ya zo. Abu ɗaya nake roƙo, a faɗi sunan shirin da baki a farkonsa da ƙarshensa, don idan ya bi Xender da bulutut daga waya zuwa waya sunan fayil ɗin yakan ɓace.

Bazamfara:
Ina biye da ku tun ɗazu. Ni daga yankin Anka nake, yanzu muna zaune Gusau. Ina so in ƙara abu biyu da ba a taɓo ba.

Na farko, maganar Ɗan Kamba gaskiya ce. A watan Satumba na 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara, duk abin da ke intanet ya zama kamar babu shi. Abin da ke cikin memori da rediyo su suka rage mana. Duk wanda zai koya wa yaranmu wannan sana'a ya koya musu da wannan a ransa.

Na biyu shi ne wanda ya fi damuna. Kuna cewa a bar kowa ya yi magana da muryarsa, na yarda. A 2010 da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, duniya ta ji labarin, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun zo, an rubuta da Turanci an yi ta rubutawa. Matan da aka daka dutsen zinariyar mai gubar a tsakar gidajensu, waɗanda suka ga 'ya'yansu na jijjiga a hannunsu, ba su ne suka ba da labarin ba. Ina son a ji su. Amma a wurinmu yau murya tana iya kashe mai ita. A ƙauye ba a buƙatar suna, da an ji "salamu alaikum" an san ko wace ce. Idan mace ta faɗi abin da ya faru daren da aka shigo garinsu, shirin ya zaga ya faɗa wayar mai kai rahoto daji, wa zai tsare ta? Ɗalibi ya koma birni abinsa.

Don haka Baba, a irin wannan wurin, abin da ɗiyarka ta ƙi shi ne daidai: a cire muryar, wata ta karanta, a sauya sunan gari. Kada a koya musu doka ɗaya.

Baba Mai Rediyo:
Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Wannan darasi ne guda cur, kuma ban sa shi a tsarina ba. Zan sa. Abin da nake koya musu a kan izini shi ne su naɗi yardar mutum da bakinsa a farkon naɗi, bayan sun gaya masa inda muryar za ta je. Yanzu na ga bai isa ba. Tsohuwar da ba ta riƙe waya ba ba ta san nisan da abu ke yi ba, nauyin yana kan mai naɗi ya hango mata.

Tunda an zo nan, bari in faɗi yadda nake tafiyar da ajin, masu sani su gyara mini. Makon farko ba a taɓa waya. Nakan sa su rufe ido minti biyu, kowa ya faɗi abin da ya ji. Da farko cewa suke ba komai. Daga baya sai su fara jin injin markaɗe a bayan layi, da mai tallan fura, da kukan kurciya. Wanda bai iya ji ba ba zai iya naɗi ba.

Sai wuri. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi ɗakin siminti da kwano nesa ba kusa ba, don siminti yana mayar da amo. Idan babu, a shiga ɗakin da ke da katifa da labule da kaya a rataye. A kashe fanka ko da ana zafi, a nisanci janareto, a sa waya a alamar jirgin nan don kada kira ya katse. Waya ta tsaya kamar ɗani ɗaya daga baki, a ɗan karkace, don iskar "f" da "b" kada ta buga. Lokacin hunturu a sa mata safa a kai. Iyafis a kunne koyaushe. Kafin a tashi a naɗi minti ɗaya na wurin ba tare da kowa ya yi magana ba, da shi ake ɗinke yanka.

Amma duk wannan cikin sati biyu ake iya shi. Mai wuyar ita ce tambaya. Yaro zai je gaban tsoho ya ce "Baba, gaya mana muhimmancin sana'ar su." Sai tsohon ya gyara zama ya yi masa jawabi irin na taro. Nakan ce su tambayi rana ɗaya: ranar da ka fara kama giwan ruwa, wa ke tare da kai, me ka ji a hannunka? Nan labari yake. Sannan su kame bakinsu. Mu Hausawa mun saba taya mai magana da "to", "na'am", "ikon Allah", ladabi ne, amma a naɗi yana hawa kan murya. A gyaɗa kai. Idan tsoho ya yi shiru kada a yi saurin cike masa, abin da zai biyo bayan shirun shi ne yawanci abin da aka zo nema.

Malamar Hausa:
Kuma ka tuna musu ba daga 2004 da aka ƙirƙiro kalmar fodkas a Ingila aka fara wannan ilimi ba, ba kuma daga 1957 da BBC ta fara Hausa ba. "Ga ta nan ga ta nanku" buɗe shiri ne, yara su amsa, an kama mai sauraro ke nan. Kaka tana sauya murya idan Gizo zai yi magana, ta sa waƙa a tsakiya don kada a yi gyangyaɗi, ta rufe da ƙurunƙus. A duhu ake yi, ba hoto.

Baba, tambaya: mata nawa ne a ajin?

Baba Mai Rediyo:
Uku, cikin goma sha huɗu. Da biyar ne, biyu suka daina zuwa.

Malamar Hausa:
Ka bincika, zan iya rantsuwa lokacin ne da kuɗin mota. Bayan la'asar yarinya tana kan girki, kuma ba za a bar ta ta dawo bayan magariba ba. Ga shi kuwa rabin labaran jihar nan suna cikin gidajen da namiji ba ya shiga. Matan da ke turara shinkafa a Argungu da Suru, ungozoma, masu kitso, matan da aka bari da marayu. Ɗalibinka namiji iyakarsa zaure.

Nana Asma'u ta warware wannan tun kafin rasuwarta a 1864. Ba ta ce matan ƙauye su taso kullum su zo gare ta ba. Ta zaɓi jajis, dattawan mata amintattu, ta naɗa musu malfa, ta ba su karatu a waƙe da harshen da matan ke ji, su kai ƙauyuka su dawo mata da tambayoyi. 'Yan Taru ke nan. Ka koya wa ukun nan sosai, ka bar su su koyar a cikin gida da hantsi. Ina da ɗaki a gidana a Jega idan ana so. Kuma mata suna da abin faɗa, dubi yadda suke rububin shiga gasar rubutun labari ta Hikayata tun da BBC Hausa ta fara ta a 2016.

Mai Sauraro:
Salamu alaikum. Da saƙon murya na faɗa, ƙanena ya rubuta. Ni makaho ne, ina zaune Birnin Kebbi. Duk abin da kuke tattaunawa mu ne manyan masu cinsa, rediyo ita ce jaridarmu tun muna yara. Amma kullum a matsayin masu sauraro ake lissafa mu, ko kuma a zo a naɗi muryarmu a kan bara. Baba, darasinka na rufe ido, ni a cikinsa nake kwana nake tashi. Ina gane ɗakin da aka yi naɗi daga amonsa. Wayata tana karanta mini komai da TalkBack. Idan akwai wuri a ajin ina so in zo, ba don a yi hira da ni ba, don in koyi haɗawa.

Kuma ku tuna da kurame. Su wannan harka ta rufe musu ƙofa gaba ɗaya. Idan an fitar da shiri a rubuta abin da aka faɗa a liƙa tare da shi.

Baba Mai Rediyo:
Malam, wuri akwai. Ka sa ƙanenka ya yi mini magana ta gefe. Kai za ka riƙa sauraron aikin kowa kafin ya fita.

Ɗan Jarida:
Tunda kun ƙi amsa mini maganar kuɗi, bari in amsa da kaina, don ba ƙin yaran nake ba. Talla daga intanet ba za ta ciyar da mai shirin Hausa a Kebbi ba, balle na C'lela. Abin da na gani yana aiki shi ne na kusa: mai shagon taki da iri ya ɗauki nauyin shirin noman shinkafa, dillalan albasa na Aliero su ɗauki na farashin kasuwa, a ambaci sunansu da baki. Gidajen rediyon jiha kuma kullum suna neman abin cike lokaci, shiri mai tsabta na minti 10 zai samu shiga. Iyalai ma za su biya a naɗa musu tarihin tsohonsu, musamman bayan abin da Ɗan Yauri ya faɗa. Kuma su guji ɗora waƙar mutane a ƙarƙashin shiri ba izini, su nemi mai kuntigi ko mai sarewa na unguwa su biya shi ya kaɗa musu nasu.

Har yanzu ina cewa kowane ɗalibi ya iya daidaitacciyar Hausa da kyau. Ita ce gadar.

Ɗiyar Zuru:
Wannan ban ƙi ba, Malam. Da ita zan yi tafintan.

Bazamfara:
Idan an fara na matan, a sa da mu. Akwai 'yan mata a nan Gusau da aka raba da garuruwansu, suna zaune ba makaranta. Ba sai sun ba da labarin tashin hankali ba. Akwai wadda ta san waƙoƙin daka da na niƙa na garinsu kaf, garin kuma yanzu ba kowa a cikinsa.

Ɗiyar Zuru:
Jama'a na dawo, bayan sati biyu. Na je gida na haɗa kala biyun kamar yadda Yaya Injiniya ya ce. Na kunna wa kaka na tafintan a tsakar gida, maƙwabta suka taru. Tana jin Hausa daidai gwargwado, sai ta tsayar da ni a wuri ɗaya. Na fassara cewa kakana ya yi wa mahaifinta bauta. Ta ce a'a, ba bawa ba ne, da ƙafarsa ya zo, kuma tare da abokansa suke noman, ana waƙa. Ta ce in ce ya nuna shi namiji ne da zai iya riƙe gida. Na sake naɗin wurin a gabanta har sau uku kafin ta yarda. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce ita ma sai na dawo lokacin bikinmu na Uhola na ɗauki nata.

Yaya Ɗan Kamba, na tura maka duka biyun. Rubutaccen na kurame ban gama ba, na kai rabi.

Ɗan Kamba:
Sun shigo. Na sa wa mutum shida yau, biyu sojoji ne 'yan wajenku da ke aiki a nan, na C'lela zallan suka ce.

Baba Mai Rediyo:
Madalla. Na matan zai fara ranar Laraba da hantsi a Jega, gidan Malama, ɗiyata ta Zuru ce za ta ja su. Yaron Argungu kuma na karanta masa abin da Bakabe da Ɗan Yauri suka rubuta. Ashe ya goge naɗin farko tun ranar da ya rubuce shi, don wayarsa ta cika. Ya kira tsohon a gabana, tsohon ya ce ya zo ranar Juma'a bayan asuba, lokacin yake zama gyaran homa a ƙofar gida. Na ba shi memori da iyafis ɗina.